Gashin Kaza a Kan Dusar Ƙanƙara

Tun kafin jirginmu ya sauka a Tokyo na san an cuce mu, domin gashin kaza ya fara fitowa daga hammatar rigar Abba. Guda ɗaya ya zaro kansa, ya yi lilo a iska, ya sauka cikin shayin mutumin da ke zaune kusa da shi. Mutumin ɗan Japan ne. Ya dubi gashin, ya tsamo shi da cokali, ya naɗe a takarda, sannan ya sunkuyar wa Abba da kai kamar wanda aka yi wa kyauta.

"Ka ga mutanen kirki," in ji Abba.

A lokacin ina cikin wa'adi, bakina a ɗaure yake.

Asalin wa'adin kuwa lasifika ce. Sunana Jamilu, shekarata goma sha shida, kuma tun ina firamare muke zaune a Guangzhou ta ƙasar Sin, a unguwar Xiaobei. Abba yana da ofis a benen Tianxiu, yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi kayan gyaran janareta, ya loda musu a kwantena. Umma tana tuƙa tuwo a gida, alhazan da taliyar Sinawa ta ishe su suna zuwa su ci su yi hamdala. A ƙasan gidanmu akwai wani laoban, wato mai shago, da ke sayar da riguna da jakunkuna. Yana da 'yar lasifika da ya ɗauki muryarsa a ciki ya rataye a ƙofa, tana ta ihun araha da Sinanci daga safe har yamma. Wata rana ya shiga bayan shago cin abinci, na sauke ta na biya mata sabon karatu da Hausa: "Jama'a, kayan nan jabu ne, kowa ya kama gabansa." Haka ta wuni tana faɗa. Laoban yana tsaye a ƙarƙashinta yana washe baki yana gaishe da alhazai da "ni hao, ni hao", su kuwa suna wucewa riƙe da ciki. Sai da wani ɗan Maraɗi mai tsoron Allah ya fassara masa.

Abba bai dake ni ba. Da ma dukan ya yi. Zaunar da ni ya yi ya ce, "Saura ɗaya. Ka sake ba ni kunya a gaban mutane, Kano za ka koma, gidan Kawunka Lawan, ka yi zaman shago a Ƙofar Ruwa." Kawu Lawan mutum ne wanda ko kyankyason gidansa sai ya yi sallama yake shiga ɗaki. Komawa wurinsa na nufin rabuwa da Umma, da ƙanwata Ihsan, da makarantata, da duk wanda na sani a duniya. Don a wanke laifin, Abba ya sauka da kansa ya sayi rigunan sanyi biyu a shagon laoban ba tare da ya taya ba. Laoban ya dafa ƙirji ya ce gashin dinya ne zalla a ciki, tsuntsuwar nan ta ruwa, ko a cikin firiji muka kwana sai mun yi gumi.

Abin da ya kai mu Japan kuwa abokin Abba ne, Mori-san, injiniya a wata masana'anta da ke Huadu. Ya ci naman Sallah a gidanmu ya fi a ƙirga, kullum yana cewa sai ya rama. Da hutun sabuwar shekarar Sinawa ya zo, kasuwanni suka rufe, Xiaobei ta zama kamar an yi shara, sai ya aiko da takardar gayyata: mu zo ƙauyensu a kan duwatsu mu ga dusar ƙanƙara, mu yi wasan zamiya. Abba ya tafi da ni ne ba don ƙauna ba. Cewa ya yi idan ya bar ni a Xiaobei babu mai ido a kaina, zai dawo ya tarar an kore mu daga ƙasar.

Zangon farko jirgin ƙasa ne. Mori-san ya tarbe mu a filin jirgi muka shiga tare. Gudu yake kamar wanda ya ɗauko wuta a gindi, amma cikinsa shiru kamar ana jarrabawa. Tarago cike da mutane, ko tari babu. Na rantse na ji ƙarar ƙiftawar idon wata mata daga can baya. Ana cikin haka wayar Abba ta yi kuka, ejan ɗinsa ne na tashar jiragen ruwa ta Nansha a kan wata kwantena da ta maƙale kafin hutu. Duk wanda ya san Bakano a waya ya san bai yarda cewa wayar ce ke kai magana ba, da ƙarfin huhunsa yake tura ta.

"Wace kwantenar? Ta Alhaji Issufu? Kai, kar ka yarda! Ka ce masa meyo, babu! Meyo!"

Babu wanda ya juyo. Abin tsoron ke nan. A Guangzhou da wata tsohuwa ta balbale mu da faɗa, mu rama, a wuce wurin. Nan kuwa kowa ya zuba wa gwiwarsa ido. Mori-san ya yi ja har kunne, ya nuna wa Abba hoton waya da aka ja wa jan layi a bayan kujera. Don haka ina so a shaida: a ƙasar Japan ba ni na fara ba da kunya ba. Sai dai shi Abba babu mai tura shi gidan Kawu Lawan.

Daga jirgin ƙasa muka shiga bas, ta yi ta hawa tana lanƙwasa har duniya ta koma fara fat. Na ɗauka na san sanyi. Ashe na Guangzhou ƙanen sanyi ne, yayan yana nan. Da muka sauka na yi sallama, sallamar ta daskare a gaban bakina ta faɗi ƙasa, sai da na tsince ta na shiga da ita ciki ta narke sannan aka amsa. Rigar laoban kuwa tana jikina kamar na yafa jarida.

Gidan na katako ne, tsoho, mahaifiyar Mori-san ce ke saukar da masu zuwa zamiya a cikinsa. 'Yar tsohuwa ce da tsayinta bai wuce ƙirjina ba, bayanta a ranƙwafe, amma ta fi ni sauri. Mori-san ya ce mu kira ta Oba-can, wato kaka. Abba ya ce shi Hajiya zai ce, ko ba ta je Makka ba girma ne.

Takalman gidan sun fi mutanen gidan yawa. Akwai na bi ta baranda, akwai na banɗaki, akwai na leƙa waje, ɗakin kwana kuwa tabarma ce shimfiɗe bango zuwa bango, ba a taka ta sai da safa. Abba ya duba ko'ina ya gyaɗa kai.

"Tabarma, cire takalmi, zaman ƙasa, rusuna wa manya. Jamilu, mutanen nan Hausawa ne da suka ɓata hanya."

Da ya shiga banɗaki ya tarar da masai mai maɓallai, mai fesa ruwan ɗumi da kansa, sai ya fito yana cewa ƙasar da ta ƙera butar lantarki ba ƙasar rainawa ba ce. Ni ma na gwada. Na danna maɓallin ina tsaye. Ba zan faɗi inda ruwan ya kai ba, amma na goge silin kafin kowa ya gani.

Abin da ban iya gogewa ba shi ne gashin kaza. Duk inda muka zauna muka tashi sai ka rantse an fige zakara a wurin. Oba-can tana bin bayanmu tana tsincewa ɗaya-ɗaya tana zubawa a aljihun gaban rigarta, ba ta taɓa ɗaga kai ta dube mu ba.

"Abba, rigarka tana zuba," na ce a hankali.

"Ba zuba take ba. Gashin dinya ne, numfashi yake."

Nan na gane matsayarsa. Idan ya yarda rigar jabu ce, ya yarda da lasifika ke nan.

Tagar ɗakinmu tana kallon ƙofar gida da miƙaƙƙiyar hanyar da ta gangara zuwa tashar bas. Da yake an hana ni magana, kallo na koma yi. Na lura duk baƙon da zai tafi, Oba-can za ta fito bakin ƙofa ba ko mayafi, ta ranƙwafa, ta tsaya a haka. Baƙon ya yi nisa, tana nan. Ya zama ɗan ɗigo, tana nan. Sai ya ɓace gaba ɗaya take miƙewa ta ruga ciki. Wani mai ƙiba ya tsaya ɗaure igiyar takalmi a tsakiyar hanya, ta jira shi har dusar ƙanƙara ta yi mata hula. Na tambayi Mori-san ko tana tabbatarwa ne ba su dawo ba. Ya yi dariya ya ce a'a, haka ake sallamar baƙo, ba a shiga gida idonsa yana iya ganinka. Na adana wannan don in ba abokaina dariya.

Da safe aka kawo karin kumallo: shinkafa, kifi gasasshe, da wani wake a ɗan akushi. Mori-san ya riga ya gaya wa tsohuwar abin da ba ma ci, har tukunya daban ta ware mana. Ya ce waken nan baƙi ba sa iya shi, kar mu tilasta wa kanmu. Na ɗaga cokali, waken ya biyo ni da yauƙi har sama da kaina, zare-zare kamar gizo ya kwana a ciki. Warinsa ya bugi hancin Abba, sai na ga ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Daddawa," ya ce. "Wallahi daddawa ce. Da yauƙin karkashi."

Ya cinye nasa, ya cinye nawa, ya karɓi ƙari. Daga nan, yana kallon akushin, ya soma ba Mori-san labarin yadda kakata, mahaifiyarsa, take shanya daddawa a kan rufin ɗaki a Gwammaja, kaji suna sata, tana jifansu da takalmi. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Mori-san ya fassara wa Oba-can, ta tafa hannu, ta ƙara masa na huɗu.

Sai ranar zamiya. Ga wanda bai sani ba, wasan zamiya shi ne a sa maka takalma masu nauyin batirin mota, a ɗaura maka dogayen alluna biyu a ƙafa, a ba ka sanduna biyu, a ce ka gangaro daga kan dutse. Abba ya tsaya a kan nasa allunan, ya yi taku ɗaya, ƙafar dama ta nufi gabas, ta hagu ta kama hanyar Zariya. Ya zauna daɓas. Ya ce a kwance masa, shi ɗan kasuwa ne, ba ya shiga harkar da bai san inda za ta tsaya ba. Ya koma ɗakin shan shayi da ke gindin dutsen ya zauna a bayan gilashi.

Ni aka sa ni ajin koyo tare da yaran da ba su gama yaye ba. Malamar ta nuna mana yadda ake haɗe bakin allunan kamar almakashi idan ana son tsayawa. Yaran suna wuce ni fiu, fiu, wata mai hular zomo har ta tsaya ta miƙo mini hannu da na faɗi. Ga shi na riga na yi wa abokina Habibu ɗan Yamai alkawarin bidiyo daga ƙololuwar dutse, shi kuma na san ya gaya wa duk Xiaobei. Mori-san ya ce kar in wuce ƙaramin gangaren. Na ce to. Da malamar ta juya tana share wa wani majina, na sulale na hau kujerar da ke tafiya a kan waya.

A sama, gaskiya, na manta da iskanci na ɗan lokaci. Duwatsu jere farare har ƙarshen gani, itatuwa sun sunkuya da nauyin dusa, babu ƙarar komai sai numfashina. Tunda nake ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sannan na dubi ƙasa. Ɗakin shayin ya koma kamar akwatin ashana.

Na kunna bidiyo, na sa wayar a aljihun ƙirji, na haɗe bakin almakashi, na ce bismillah. Almakashin ya buɗe da kansa. Daga nan ba ni nake tafiya ba, tafiya ake yi da ni. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa da ta gama cin abinci. Na wuce wani mutum, na wuce iyalinsa, na wuce ajinmu da mai hular zomo tana ɗaga mini hannu. A gaban ɗakin shayi akwai dogon ƙarfe da mutane ke jingina allunansu idan za su shiga. Shi ya tare ni. Allunan suka bi juna suna zubewa, ƙararsu kamar an kifar da kwantenar kwanuka, rigata kuma ta fashe daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Da na buɗe ido na ɗauka na mutu an tashe ni a kasuwar kaji. Gashi ne ke sauka ta ko'ina, a kan mutane, a kan hulunansu, a cikin kofunansu. Ta cikinsa na hango Abba a bayan gilashi, kofin shayi ya tsaya masa tsakanin tebur da baki.

Babu wanda ya ji ciwo sai ni, shi ma targaɗe ne a wuyan hannu. Amma da ma karyewa na yi. Mori-san ya iso da gudu, ya tabbatar ina da rai, sannan ya shiga bin masu allunan ɗaya bayan ɗaya yana ranƙwafa musu. Mutum mai furfura, injiniya guda, yana ninke kansa biyu a gaban samari sa'o'ina, yana ba da haƙuri a kan laifin da ba shi ya yi ba. Ya ranƙwafa wa ma'aikata, ya ranƙwafa wa malamar da ta zo tana haki tana nemana. Babu wanda ya zage ni. Wani ma tsinto mini sandata ya yi. Abba yana tsaye yana kallon bayan abokinsa yana sauka yana tashi.

Sai da muka isa gida muna cire takalma, ba tare da ya dube ni ba, Abba ya ce, "Kano."

Bidiyon ma bai yi ba. Cikin aljihu kawai ya ɗauka, baƙi ƙirin, da muryata ina kiran Umma.

Da yamma na zauna a ɗakin cin abinci, ƙafafuna a ƙarƙashin wani gajeren tebur mai bargo da ɗumi a ciki. Ina ta tuna hayaniyar gadar Xiaobei, da hayaƙin masu gasa nama a bakin titi, da Ihsan tana satar mini caja, har da muryar lasifikar laoban. Oba-can ta shigo da ragowar rigata da kwandon ɗinki. Ta zaro gashi ɗaya mai ƙaton tsinke, ta shinshina, ta dube ni. Sai ta maƙale hannuwa a hammata ta kaɗa gwiwar hannu ta ce, "Ko-ko-ko-ko!" Dariya ta ƙwace mini har hannuna ya amsa. A duk ƙasar Japan ita kaɗai ta faɗi gaskiya a kan rigar nan.

Ta cusa auduga a inda gashin ya zube, ta ɗora wani shuɗin ƙyalle, ta bi shi da farin zare, ƙananan ɗinki a jere kamar sahun tururuwa. Tana cikin yi ta miƙa yatsa ta rubuta wani harafi a kan raɓar gilashin taga, ta nuna ni. Rubutunsu da na Sinawa suna da dangantaka, na san shi daga makaranta: gida. Tambayata take ina ne gidanmu. Na sa yatsa in amsa, kafin in yi tunani na ga na rubuta Guangzhou. Na daɗe ina kallonsa har ya fara tsiyaya.

Sauran kwanakin ban koma dutse ba. Da hannu ɗaya nake taya ta kwashe dusa daga bakin ƙofa, ita tana yin ninkin nawa tana yi mini dariya. Na ɗauko yajin da Umma ta ƙunsa mana na barbaɗa mata a kan wakenta mai yauƙi. Ta ci, ta yi tari, hawaye ya zubo, ta daki tebur, ta miƙo akushin a ƙara. Na bar mata ƙullin gaba ɗaya. Ta nemi rigar Abba ma ta ɗinke, ya dafa ƙirji ya ce a gode wa Hajiya, tasa lafiyarta ƙalau.

Mori-san ya riga mu tafiya, zai biya wurin surukansa a wani gari. Abba ya ba shi hula da turare, ya ba shi haƙuri har sai da Mori-san ya fara ba shi haƙurin ba da haƙurin. Don haka ranar komawarmu babu tafinta, daga mu sai Oba-can. Bas ɗin ƙauyen ba ta da yawa, wanda ya rasa ta safe ya rasa jirginsa.

Dusa tana sauka. Oba-can ta fito bakin ƙofa da silifas, ba mayafi, ta ranƙwafa.

"Hajiya, ya isa haka, ki koma ciki," in ji Abba da Hausa, yana nuna mata ƙofa. "Mun gode, Allah ya saka da alheri."

Ta ƙara ranƙwafawa. Muka ja akwatuna muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba Abba ya waiwaya, ya gan ta yadda muka bar ta. Ya ajiye akwati ya koma.

"Haba Hajiya, sanyi! Shiga ciki, don Allah."

Ta ga baƙo ya dawo, ta ranƙwafa fiye da da. Shi ma ya rusuna. Ta ƙara ƙasa. Ya ƙara ƙasa. Na ɗauka za su haƙa rami. Muka sake tafiya, ya sake waiwayawa, ya sake komawa. A zuwa na uku na ga yatsunta sun yi ja, leɓenta yana rawa, murmushin dai yana nan. Can gangare na hango bas ta iso tasha tana fitar da hayaƙi.

"Abba, bas za ta tafi."

"Ta tafi. Ni ba a haife ni in juya wa sa'ar mahaifiyata baya tana tsaye cikin ƙanƙara ba. A garinmu idan babba ya rako ka, sai ka ga komawarsa kake tafiya."

"Ita kuma a garinsu sai ta ga ɓacewarka take shiga."

"Wa ya gaya maka?"

"Kullum ina kallo ta taga. Ba za ta motsa ba muddin tana ganinmu. Duk komawar da ka yi, sabon lissafi take farawa. Ku biyun nan idan aka bar ku, sai bazara ta zo ta same ku a nan."

Ya buɗe baki zai ce wani abu. Amma wanda aka riga aka yanke wa Kano, me ya rage ya ji tsoro? Na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni: na kama hannun mahaifina na ja shi. A gefen hanya akwai wani lungu da injin sayar da lemo a bakinsa. Na tura akwatunan ciki, na tura Abba, muka maƙale a bayan injin kamar ɓarayin kaji.

"Jamilu, ka haukace?"

"Leƙa ka gani. A hankali, kar ta ga hularka."

Muka leƙa, kaina a ƙasa, nasa a sama. Oba-can ta ɗan ƙara jimawa a ranƙwafe. Sannan ta ɗago, ta duba hanya, ta ga wayam. Ta dunƙule hannu ta bubbuga bayanta, ta hura iska a tafukanta, ta yi ɗan tsalle-tsalle a wuri ɗaya kamar yarinya. Har ta juya za ta shiga sai ta tsaya. Ta sunkuya ta fara tsintar wani abu a kan dusa, tana bin sawun da Abba ya yi ta kai da kawowa, tana zubawa a aljihu. Da ta tsince tas ta ruga ciki, ƙofa ta rufe.

Abba bai motsa ba. Can ya dubi hannun rigarsa, ya zaro gashi ɗaya, ya kai hanci.

"Kaza ce," ya ce.

"Dinya ce, Abba. Numfashi take."

"Rufe mini baki, ja'iri. Ɗauki akwati."

Mun sami bas da ƙyar, direban har ya rufe ƙofa ya sake buɗewa. Muka zauna muna haki. Sai da ƙauyen ya ɓace a bayan dutse Abba ya yi magana, kuma a karon farko tunda muka zo ƙasar, a hankali ya yi ta.

"Lasifikar mutumin nan, har yanzu a ƙofa yake rataye ta?"

"Tun ranar ya ɗaure ta da sarƙa."

"To ba da lasifika ba. Idan an buɗe kasuwa kai za ka mayar masa da rigar nan tawa. Ka faɗa masa jabu ce da yarensu, a gaban idonsa, da ladabi. Bayan an tashi daga makaranta."

"Wace makarantar?"

"Wadda ka sani."

Na shafa shuɗin ƙyallen da ke kafaɗata. Na san ya kamata in yi shiru, amma hali zanen dutse.

"Kawu Lawan fa?"

Abba ya kaɗe wani gashi daga gwiwarsa, ya juya yana kallon taga.

"Kawunka Lawan bai yi mini laifin komai ba da zan haɗa shi da kai."